Hadarin Cikin Waya

Wani ne a unguwar New Bell ta birnin Douala, yana sayar da atamfa a kasuwar Marché Congo, a rumfar surukinsa Alhaji Abdulsalami. Mutum ne mai natsuwa. Ba ya shan taba, ba ya musun ƙwallo, ko ɗan acaɓa ya watsa masa ruwan kwata sai dai ya ce Allah ya kyauta. Aibinsa guda ne. In aka gaya masa magana, rabi yake ji, ragowar ya cike da kansa.

Abokinsa Ɓoɓɓo, mai gyaran waya a bakin kasuwa, shi ya saka masa wani wasa na intanet. Irin wasan nan da mutum zai zaɓi jarumi, a ba shi takobi, a sake shi cikin wata duniya mai dodanni da bokaye, ya yi ta yawo da mutanen da bai taɓa gani ba daga ƙasashe daban-daban. Gogan naka ya zaɓi wani ƙato mai sulken ƙarfe tun daga ka har tafin ƙafa. Abin hawansa kuwa kunkuru, girman motar bas. Ɓoɓɓo ya ce masa akwai damisa mai fikafikai. Ya ce a'a, shi ba ya gudu a hanyar da bai sani ba.

Wata rana da hantsi, kasuwa ba ciniki, kunkurunsa na tafe a wani daji, sai fuskar wayar ta fara yin fari-fari. Bishiyoyi suka dushe. Kan kunkurun ma ya ɓace. Ya goge gilashin da hannun riga, bai fita ba. Ya hura ya sake gogewa. Ya jawo ƙyallen atamfa, ya ɗan tofa yawu, ya shiga murzawa. Yana cikin murzawa wani abu ya fito daga farin nan ya haɗiye shi, shi da kunkurun.

Ya tashi sai wurin Ɓoɓɓo.

"Gilashin da ka sa min kwanaki jabu ne."

"Me ya yi?"

"Gumi yake ta ciki."

Ɓoɓɓo ya karɓa, ya duba, ya miƙo masa abinsa. "Mon frère, hazo ne."

"Hazo a cikin waya."

"A cikin wasan. Yana da nasa yanayi, kamar duniya. Yanzu rana, anjima hadari, da kansa yake juyawa. In ana ruwa, wutar bokaye mutuwa take, tsirkiyar baka ta saki, hanya ta yi taɓo. In hazo ya sauka ka tsaya wuri guda. In kuwa ka ji tsawa, maza ka tuɓe sulken nan, don aradu ƙarfe take bi."

"In tuɓe a gaban jama'a?"

"Wasa ne fa."

"Akwai mace a ƙungiyarmu. Wata 'yar Brazil."

"Ƙila ma ƙato ne mai gemu."

"To ai ka ƙara ɓata abin."

Bai tuɓe ba. A makon nan aradu ta yi ta faɗa masa har 'yan ƙungiya suka daina tsayawa kusa da shi. Akwai wani ɗan Yaoundé a cikinsu, da ya ga hadari ya haɗo sai ya rubuta, kowa ya nisanci mai kunkuru. Daga baya suka gano amfaninsa. In yaƙi ya zo daidai da hadari, sai su tura shi tsakiyar maƙiya, su koma gindin dutse su jira. Aradu ta sauko ta kwashe shi da duk wanda ke kewaye da shi. Su fito su tsince ganima. Shi kuwa ya ɗauka jarumtarsa ce ta sa ake ba shi gaba.

Amma mutuwa ko ta wasa ce ba daɗi. Ya koma wurin Ɓoɓɓo, ya same shi ya duƙufa kan wata waya da aka farke, da ɗan ƙusa a leɓensa.

"Wai ruwan nan wa ke sakinsa?"

"Serveur," in ji Ɓoɓɓo, bai ɗago ba.

"Shi kaɗai?"

"Komai a hannunsa yake. Ruwa, iska, rana, duka."

"Ina yake zaune?"

"Suna da yawa. Ko'ina akwai."

Ɓoɓɓo na nufin babbar na'urar da wasan ke tafiya a kanta. To amma a Douala, mai kawo maka abinci a tebur shi ma serveur ake ce masa. Gogan naka ya yi godiya ya fita yana jinjina kai. Ashe shekara da shekaru yana cin taliya da ƙwai a gaban babban mutum bai sani ba.

Washegari da safe ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi wurin mai shayin kan kwana. Mai hidimar wurin wani dogon dattijo ne ɗan Bamenda, da tawul a kafaɗa, yana jin Hausar kasuwa daidai gwargwado. Gogan ya gaishe shi har da rusunawa.

"Kai ne serveur?"

"Kullum a nan kake karyawa. Yau kake tambaya?"

"Ban san matsayinka ba ne. Ka yafe ni." Ya matso, ya rage murya. "Alfarma na zo nema. Ruwan nan da kake saki, ya yi yawa."

Dattijon ya tsaya cak. Ya dubi gwangwanin madara, ya dubi butar ruwan da ke ɓoye a ƙarƙashin tebur, ya tura ta ciki da ƙafa.

"Massa, wa ya gaya maka?"

"Ɓoɓɓo."

"Ɓoɓɓo bakinsa ya yi tsawo. Ai ba ni kaɗai ba ne. Duk serveur ɗin garin nan haka yake yi."

"Ya ce kuna da yawa."

"Kuma ba son raina ba ne. Patron ne ya ce a riƙa ƙarawa."

"Ashe kai ma da na sama da kai."

"Kowa da na sama da shi."

Gogan ya gyaɗa kai. Maganar ta shige shi. "To wutar nan fa da ke sauko min? Jiya sai da ta ƙone ni ƙurmus."

Dattijon ya dubi kwalbar barkono. "Wannan kam kai ka jawo wa kanka. An ce maka ka rage, ka ƙi."

"Haka ne. An gaya min."

"Shi ke nan. Daga yau na rage maka ruwan, na rage maka wutar. Kai kaɗai. Kada in ji a bakin kowa."

"Ko matata ba za ta ji ba."

Ranar nan ya sha shayi mai kauri irin wanda bai taɓa sha ba a wurin. Ya buɗe wasa, ya tarar da rana tar, tsuntsaye na shawagi a kan kunkurunsa. Ya ɗago ya dubi dattijon. Dattijon ya kashe masa ido. Magana ta ƙare.

Ana nan sai ya lura da wani abu kuma. Yana zaune a ƙofar ɗaki, aka fara yayyafi a wasan. Ya ɗaga kai, sai ga ɗigo a kan kwanon maƙwabta. Ya kira matarsa Hapsatu.

"Kwashe shanyar nan."

"Yanzu na shanya."

"Kwashe dai."

Ta kwashe tana gunaguni. Ba ta gama shiga ɗaki ba ruwa ya tsuge. Wanda ya san Douala ya san wannan ba karamar waliyyai ba ce. Gari ne da in ka tashi daga barci ka ce za a yi ruwa, ko idonka a rufe, ka fi kusa da gaskiya. Amma Hapsatu ta ba maƙwabciya labari, maƙwabciya ta kai gidan biki, kafin ka ce me gogan naka ya zama mai duban hadari na unguwa. Masu wanki su leƙo. Mai soya ƙosai ta aiko a tambaya. Har wata mai sarin kifi a Youpwé takan biyo da sassafe ta ji ko ta ɗauki lema. Shi kuma ya zaro waya, ya ɗaure fuska kamar likita, sannan ya yanke hukunci.

In ya ce ruwa, a yi ruwa. In ya ce rana aka yi ruwa, sai ya ce kunkurunsa ne ya yi nisa, yana can kudancin masarauta, su kuma New Bell a arewa suke. Ba wanda ya taɓa ganin taswirar, saboda haka ba wanda ya musa.

Sau ɗaya ne abin ya so ya ɓaci. Ƙungiyarsu ta hau wani dutse, sai ga ƙanƙara tana zuba fara fat, har jaruminsa ya fara karkarwa. Gogan bai yi wata-wata ba ya nufi 'yan gwanjo. Ya dawo da kwat mai gashi a wuya, da hular ulu, da safar hannu. Haka ya ratsa New Bell da tsakar rana, a garin da ko singileti nauyi take wa mutum. Karnuka suka bi shi. Ya iso gida yana tafe yana ɗiga, ya zube a tabarma.

Hapsatu ta tsaya a kansa da mafici. "Ina sanyin?"

"Yana hanya."

"To Allah ya sa ya iske ka da sauran ɗanye."

Cikin damina sosai Hapsatu ta haihu, namiji, ɗan fari. Gogan naka ya yi kunyar ɗan fari yadda ya kamata. Duk wanda ya zo barka sai ya same shi kai a sunkuye, ba ya ko ɗagowa. Tsofaffi suka yi ta yaba tarbiyyarsa. Ba su ga wayar da ke tsakanin gwiwoyinsa ba.

Alhaji Abdulsalami kuwa jikansa na farko ke nan, ya ce sunan nan sai an ji shi har Garoua. Ya gayyato dangi na can da na Ngaoundéré, da abokan kasuwa, da limamin unguwa. Ya kira surukin nasa rumfa, ya zaunar da shi.

"Rago na saya. Abinci yana hannun mata. Kujeru na sa an kawo. Kai aikinka guda ne tak. Ka je wurin masu haya ka kamo rumfar tamfol, babba, wadda za ta rufe layin nan. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Maimaita."

"Kada ruwa ya taɓa baƙi."

Alhaji ya dube shi. Ba haka ya gaya masa ba, amma ma'anar ta yi kusa. Ya sallame shi.

Gogan ya fito ya buɗe wasa. A dandalin babban birnin masarautar akwai wani tsohon boka mai shelar yanayi. Ya same shi yana shela cewa bikin rana ya kama, mako guda cur ba hadari, ba hazo, ba ko yayyafi. Gogan ya yi hamdala. Duk da haka, da yake shi mutum ne mai taka-tsantsan, bai tsaya nan ba. Ya wuce wurin mai shayi.

"Ranar Asabar ina da suna."

"Barka, massa. Allah ya raya."

"Amin. Baƙi za su zo daga nesa. Ranar nan ko ɗigo ban yarda ka saki ba."

"Asabar? Asabar ma ba na aiki."

"Gaba ɗaya?"

"Hutuna ne. Ko buta ba na taɓawa."

"Madalla. To ka zo ka ci shinkafa."

Ya wuce ta gaban shagon masu hayar rumfa, ya ɗaga musu hannu, ya tausaya musu a ransa. Sana'ar da ta dogara da jahilcin mutane.

Ranar Asabar da sassafe aka tare layi, aka jera kujerun roba. Baƙin Garoua suka fito cikin manyan riguna masu sitaci, kowa yana ƙamshin turare. Mata suka kafa tukwane a bakin hanya. Rago na ɗaure a jikin turken lantarki. Alhaji ya fito da babbar riga fara sol, ya ɗaga kai, ya ga sama a buɗe.

"Ina rumfar?"

"Na yi magana da mai abin, Baba."

"Ya ce me?"

"Ya ce kada in damu."

Alhaji ya ɗauka mai rumfa na hanya. Ya koma tarbar baƙi.

Can ta wajen kogin Wouri sama ta fara haɗe rai. Iska ta taso ta ɗaga ledoji. Ɓoɓɓo, da ya zo taya murna, ya matso kusa da abokinsa.

"Mon frère, ka ga abin da nake gani?"

Gogan ya dubi waya. "Wucewa zai yi."

"Sama nake nuna maka."

"Ni ma sama nake dubawa."

Liman ya gyara zama ya fara addu'a. Ɗigon farko ya sauka a kan rawaninsa. Ya ƙara sauri. Na biyu ya sauka a kan goron da ke faranti. Daidai lokacin da ya buɗe baki zai faɗi sunan yaro, tsawa ta fashe. Ya ce, "Affan." Jama'a suka ji kamar ya kai ƙarshen addu'a, suka ce amin, kowa ya tashi da gudu.

Ruwan Douala ba ya sallama. Kafin a kai ga zaure, kwata ta cika ta haye titi. Kujerun roba suka kama hanya a jere kamar masu rakiyar amarya. Takalman baƙi suka bi bayansu. Wutar murhu ta mutu, shinkafa ta koma kunu, miya ta koma romo. Sitacin rigunan mutanen Garoua ya narke, kowa rigarsa ta manne masa a jiki, sai ga manyan alhazai sun koma 'yan sirara. Rago ya tsinke igiya ya faɗa ruwa, mahauci ya bi shi da wuƙa a baki, yana iyo. Wata gwaggon Hapsatu da ta kwana a jirgin ƙasa da mota don wannan rana ta hau kan turmi ta tsaya, riƙe da kwanon cincin a ka.

Gogan naka yana tsakiyar layi, ruwa har ƙwauri, yana kallon waya.

Alhaji ya ratso ruwan ya iso gare shi. Babbar rigar ta yi nauyi, yana jan ta kamar mai jan taru. Hularsa ta tafi. Bai ɗaga murya ba.

"Ina rumfar?"

"Ban kamo ba, Baba. Ba a bukata."

"Ba a bukata."

"Bikin rana ake. Boka ya yi shela."

"Wane boka?"

"Na dandali. Kuma na bi ta wurin serveur, ya tabbatar min. Ga shi can ma."

Dattijon Bamenda yana maƙale a ƙarƙashin wata 'yar baranda da farantinsa. Da ya ga ana nuna shi, ya ɗaga hannu. "Alhaji, ni yau ko shayi ban haɗa ba. Wannan ruwan ba nawa ba ne."

Alhaji ya dubi dattijon. Ya dubi Ɓoɓɓo, Ɓoɓɓo ya dubi ƙasa, duk da ba a ganinta. Ta taga Hapsatu ta leƙo da jariri a kafaɗa, ta ga abin da ake ciki, ta saki labule.

"Nuna min," in ji Alhaji.

Gogan ya miƙa wayar da hannu biyu, cikin ladabi. A ciki rana ta take, sama shuɗiya, furanni sun buɗe, wani ƙaton kunkuru yana kwance a ciyawa yana shan hantsi. Alhaji ya daɗe yana kallo, ruwa na bin gemunsa yana sauka a kan gilashin.

"Nan ina ne?"

"Masarauta ce, Baba."

"Rana ake."

"Tun shekaranjiya."

"To wannan da ke zuba a kaina mene ne?"

Gogan ya ɗaga kai ya dubi sama, karo na farko a ranar. Ya daɗe yana dubawa. Gaskiya abin ya ɗaure masa kai, don bai taɓa ganin an saɓa alkawari haka a bainar jama'a ba.

Wayar kuwa ta sha iya shanta. Ruwa ya sami hanya ta wurin caji ya shige. Hoton ya fara rawa. Wani baƙin tabo ya taso daga kusurwa ya rufe ranar, layuka suka fara gangarowa daga sama zuwa ƙasa, suka ratsa furannin, suka ratsa kunkurun. Fuskar ta yi walƙiya sau ɗaya, ta yi duhu.

Gogan ya leƙa. Fuskarsa ta washe. Ya sauke ajiyar zuciya, ya juya wayar yadda Alhaji zai gani da kyau.

"Ka gani ko, Baba? Ga shi can ma ya sauko. Douala ce kawai ta yi gaggawa."